Kula da mai ciwon damuwa a ƙaramin asibiti: tambayoyin ma'aikatan lafiya da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa duk lokacin da na zauna da ma'aikatan lafiya na matakin farko: nas-nas, ungozoma da jami'an lafiyar al'umma masu riƙe da asibitocin unguwa da na ƙauye. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kacal, ga jama'a ta haura miliyan 200, kuma yawancinsu suna manyan birane. Saboda haka mai ciwon damuwa a Gumel ko Illela, in har zai ga ma'aikacin lafiya, ku zai gani. Amsoshin na ɗauko su ne daga abin da aiki ya koya mini da kuma jagorar mhGAP, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 ta sabunta a 2016 domin ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba ne.

Ba wanda yake zuwa ya ce mini damuwa ce ta kawo shi. Ta yaya zan gane ta?

Da wuya ya faɗa, domin a wurinmu damuwa da jiki take magana. Za ka ji "tsakiyar kaina na zafi", "wani abu na yawo a jikina", "ƙirjina ya yi nauyi", "gabana na faɗuwa ba dalili", "sai asuba nake samun barci". Matar da ta zo sau huɗu cikin wata biyu, an yi gwajin maleriya da taifot ba a ga komai ba, an ba ta maganin ƙarin jini da na ciwon jiki amma ta sake dawowa, ita ce ya kamata ka ajiye biro ka dube ta. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Akwai kalmar da mutanenmu suke yarda da ita ba tare da jin an kira su mahaukata ba: tunani. Ka ce, "Mama, tunani ya yi muku yawa ne kwanan nan?" Sau da yawa daga nan bakin yake buɗewa. Sai ka bi da tambayoyi biyu: cikin mako biyun da suka wuce, baƙin ciki ko ƙuncin rai yana zama da ita kusan kullum? Abubuwan da take jin daɗinsu a da, kamar zuwa biki, hira da maƙwabta ko sana'arta, sun fita daga ranta? In ɗayan ya tabbata har tsawon mako biyu, kuma ya hana ta tafiyar da hidimar yau da kullum, to ka fara tunanin ciwon damuwa mai buƙatar kulawa. Takardar PHQ-9 mai tambayoyi tara tana taimakawa, makinta daga 0 zuwa 27, kuma 10 zuwa sama alama ce ta a ɗauki mataki. Amma takarda ba ta maye gurbin hira.

Kada ka manta da jikin. Ƙarancin jini, rashin abinci mai gina jiki da raunin aikin maƙoƙo duk suna kawo kasala mai kama da damuwa. Haka kuma matar da ke cikin takaba tana kuka tana rashin barci, alhini ne take yi, ba lallai cuta ba ce.

To na gane. Ba sai in ba ta haƙuri in tuna mata da ƙaddara ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, domin kusan dukanmu da ita muka taso. Haƙuri abu ne mai girma, tawakkali ma haka. Matsalar ita ce matar nan kafin ta iso gabanka ta ji "ki yi haƙuri" daga uwarta, daga yayarta, daga maƙwabciya, daga malamar Islamiyya. Ta yi haƙurin har ya zame mata ciwon kai. In ka maimaita mata, abin da za ta fahimta shi ne kai ma ba ka son jin sauran zancen. Mafi muni shi ne a ce mata "ƙarancin imani ne", sai ta koma gida da ciwo biyu, na damuwa da na ganin ta yi wa Ubangiji laifi. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu ana kiranta shekarar baƙin ciki. Ina faɗa wa marasa lafiya Musulmi wannan, kuma ina ganin yadda kafaɗunsu ke sauka.

Abin da ya fi shi ne sauraro na gaske. Ka juyo da kujerarka, ka daina rubutu na ɗan lokaci, ka bar ta ta kai aya. In ta yi shiru kada ka yi saurin cike shirun. In ta yi kuka ka miƙa mata ruwa, kada ka ce ta daina. Idan ta gama, ka mayar mata da abin da ka ji cikin kalmominta: "Wato tun da aka yi miki kishiya kuka koma ɗaki ɗaya da yara biyar, barci ya ƙaurace miki." Wannan jimla ɗaya tana nuna mata an ji ta, abin da wataƙila shekara guda ba ta samu ba. Sannan ka ba abin suna: wannan ciwo ne da aka sani, yana kama mutane da yawa, ba hauka ba ne, ba lalaci ba ne, kuma ana warkewa.

Minti goma nake da shi, ga layi har ƙofa. Wace dabara ce za ta yiwu a haka?

Dabaru uku nake koyarwa, kuma dukansu suna cikin shirin PM+ da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 bayan an gwada shi a Peshawar ta Pakistan da Nairobi ta Kenya. A cikakken tsarinsa zama biyar ne, sau ɗaya a mako, kowanne minti 90. Ba ka da wannan lokacin, amma kana iya gutsuro shi.

Ta farko numfashi ce. Mai fargaba numfashinsa gajere ne, daga ƙirji, kuma hakan na ƙara bugun zuciya da jiri. Ka sa ya ɗora hannu a ciki, ya ja iska ta hanci yana ƙirga uku, ya sake ta a hankali yana ƙirga uku, na minti biyu. Ku yi tare a nan gabanka, kada ka kwatanta da baki kawai. Ya riƙa yi bayan kowace salla, ko safe da dare.

Ta biyu warware matsala ce, kuma a nan nake son a daɗe. Mai damuwa yana ganin matsalolinsa a dunƙule kamar dutse: bashi, rashin lafiyar ɗa, faɗan miji, kuɗin haya. Aikinka shi ne ku fasa dutsen. Ku lissafa su, ku ware wanda ake iya taɓawa da wanda ba a iya komai a kansa yanzu. In mace ce a gabanka, ita za ta zaɓi guda ɗaya, ƙarami, ba kai ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai ku kawo duk hanyoyin da suka zo a rai, ta ɗauki ɗaya, ku fayyace ta: me za ta yi, wace rana, da wa. "Zan nemi taimako" ba shiri ba ne. "Ranar Laraba bayan la'asar zan je wurin uwar adashi in roƙa a matso mini da kwasata" shiri ne. Mako mai zuwa da wannan za ka fara: ya aka yi ranar Laraba? In bai yiwu ba, ba faɗa, ku duba abin da ya tare hanya.

A Zimbabuwe likita Dixon Chibanda ya gina shiri guda a kan wannan dabarar tun 2006 a unguwar Mbare ta Harare. Tsofaffin mata aka horar, suna zama da mai damuwa a kan benci a harabar asibiti har zama shida, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Sunan ciwon a harshen Shona ma'anarsa yawan tunani, daidai da yadda namu suke faɗa.

Ta uku ita ce mayar da mutum ga motsi. Damuwa tana sa a janye, janyewar kuma tana ƙara damuwa. Kada a jira sai rai ya so, a fara da ƙaramin abu, sha'awar za ta biyo baya. Ga dattijon da ya daina fita, ya zauna a majalisar ƙofar gida minti goma bayan magariba. Ga matar da ta ajiye saƙar hula, ta ɗauko ta yi layi biyu. Abu ɗaya a mako ya isa.

Dangi sun ce iska ce ko sammu, suna kai shi ruƙiyya. In hana su?

In ka hana su, kai za su bari, ba malamin ba. Ba aikinka ba ne ka yi gardamar aljanu a ɗakin duba marasa lafiya. Ka tambaye su da girmamawa me suke ganin ya kawo ciwon, me aka riga aka yi, me aka sha. Sannan ka ce a ci gaba da addu'a, a haɗa da magani, tunda neman magani umarni ne na addini. Haka za ka yi da iyalin da suke kai nasu wurin fasto.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda marasa lafiya suke zama a gidajen ƙauyukan da ke kusa da asibiti tare da danginsu, kuma ya yi aiki da masu maganin gargajiya. A 2020 tawagar Farfesa Oye Gureje ta wallafa gwajin da ta yi a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan matakin farko suke ziyartar masu taɓin hankali a wuraren masu maganin gargajiya da na addu'a, kuma waɗanda suka samu kulawar haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi.

Amma akwai iyaka, kuma a nan ba na sassautawa: duka, ɗauri da mari, hana abinci, turaren da ke shaƙe mutum, da cewa a daina maganin asibiti. Duk mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a 2019 a wasu gidajen mari a Kaduna da Katsina. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin mai wannan ciwo na a mutunta shi. In ka ga tabon sarƙa a ƙafa, ka yi magana da babban gidan a keɓe, cikin ladabi, amma ka faɗa ƙarara.

Yaushe ne magani yake shigowa?

Idan damuwar ta yi nauyi har ta hana aiki, ko an yi makonni ana dabarun hira ba canji, kuma matsayinka ya ba ka damar rubutawa. Waɗanda aka fi samu su ne amitriptyline da fluoxetine. Kafin ka ba da kowanne, ka tambayi dangi ko ya taɓa yin kwanaki ba ya barci kuma ba ya gajiya, yana surutu ba tsayawa, yana kashe kuɗi ba lissafi. In ya taɓa, kada ka ba shi maganin damuwa shi kaɗai, domin yana iya tayar da wancan yanayin. Ka tura shi gaba.

Bayanin da za ka yi ya kai maganin muhimmanci. Mutanenmu sun saba da allurar da ke aiki yau-yau, wannan kuwa sai ya yi makonni kafin a ga amfaninsa, alhali bushewar baki da jin barci tun kwanakin farko suke zuwa. Wanda ba a gaya wa haka ba zai watsar a kwana na biyar. Bayan an warke ma ana ci gaba wata tara zuwa goma sha biyu, a janye a hankali. Amitriptyline yana kisa in an sha da yawa, kuma bai dace da mai ciwon zuciya ba. Diazepam kuwa ba maganin damuwa ba ne, barcin da yake kawowa na aro ne, kuma jiki yana saurin sabawa da shi.

Ina tsoron tambayar mutum ko yana tunanin kashe kansa, kada in sa masa abin a rai.

Tambaya ba ta sa wa mutum wannan tunani, bincike ya tabbatar da haka. Wanda yake ɗauke da shi yakan ji sauƙi ne da aka tambaya, domin ya san haramun ne, yana jin kunya, ba shi da wanda zai gaya wa. Ka hau a hankali: "Wasu in ƙunci ya yi musu yawa haka sukan ji gara ma su mutu su huta. Kai ma ka taɓa jin haka?" In ya ce e, kada ka zabura, kada ka fara wa'azi. Ka tambaya ko ya yi tunanin yadda zai yi, ko abin yana hannunsa, ko ya taɓa gwadawa.

In akwai shiri, kada a bar shi shi kaɗai. Ka gaya masa dole ka sanar da wani nasa, ya zaɓi wanda ya fi yarda da shi. A kwashe fiya-fiya, maganin feshin gona, maganin ɓera, igiya da tarin ƙwayoyi daga inda zai kai hannu. Wannan matakin yana ceton rai, domin sau da yawa lokacin tsananin gajere ne. Maganinsa ya zauna a hannun ɗan'uwa, na mako ɗaya kawai. A tura shi asibitin ƙwararru da ɗan rakiya, kai kuma ka kira cikin kwana biyu.

Mai jego da ke yawan kuka fa?

Kuka da saurin fushi a kwanakin farko bayan haihuwa abu ne da aka saba, yakan wuce kafin mako biyu. In ya zarce, tana jin ba ta iya riƙon jaririn ba, ko ba ta jin komai game da shi, to damuwar bayan haihuwa ce. Ranar rigakafin jariri ita ce damarka, ka tambayi uwar ita ma. Al'adar komawa gida wanka kariya ce babba in akwai mai karɓar jaririn ta samu barci, don haka ka jawo kakar cikin shirin. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan ma'aikatan lafiya mata na unguwa sun yi wa masu ciki da masu jego irin wannan hirar a gidajensu, kuma sakamakon da aka wallafa a 2008 ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da tsarin hirar jagora a 2015.

Wadda kuwa ta daina barci gaba ɗaya, tana sambatu, tana jin muryoyi ko tana cewa jaririn ba nata ba ne, wannan gaggawa ce. Ciwon yana samun mai jego ɗaya ko biyu cikin dubu. Kada a bar ta da jaririn ita kaɗai, a tafi asibiti a ranar.

Ana kawo mana waɗanda suka kuɓuta daga hannun masu garkuwa ko aka kai wa ƙauyensu hari. In sa su ba da labarin duka don su huce?

A'a. Tilasta wa mutum ya maimaita abin da ya gani a kwanakin farko ba ya hana ciwon firgici, yana iya ƙara shi ma, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina. Abin da ake so da farko shi ne ka duba, ka saurara, ka haɗa shi da abin da yake buƙata: rauni, abinci, wurin kwana, labarin iyalinsa. In ya so magana ka ji, in bai so ba ka ƙyale shi. Ka gaya masa mafarkin tsoro da zabura in ya ji ƙarar babur martanin jiki ne ga abin da ya wuce misali, ba zautuwa ba ce, kuma yawancin mutane suna samun sauƙi da kansu cikin makonni. Ka roƙi dangi su rage masu zuwa jaje suna cewa ya ba su labari.

In an wuce wata guda abin yana dawo masa kamar yanzu yake faruwa, yana guje wa gona ko hanyar kasuwa, to yana buƙatar wanda aka horar a jinyar firgici. Macen da aka yi wa fyaɗe kuma kada ka jira: maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, kuma mace ce ya fi dacewa ta duba ta.

Matashi mai shan kodin ko tiramadol, uban ya kawo shi ya ce in yi masa faɗa.

Faɗa ya sha shi a gida. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, kuma a Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma yaran ba su daina zuwa ba. Ka roƙi uban ya ba ku wuri. Ka tambayi yaron me ƙwayar take yi masa mai daɗi. Zai yi mamaki, sannan zai faɗi gaskiya: ƙarfin aikin lebura, barci, mantuwa. Daga nan ka tambayi abin da take ci masa. Dalilin dainawa in daga bakinsa ya fito ya fi zama. Wannan hanyar masanin halayyar ɗan'adam William Miller ne ya fara bayyana ta a 1983, kuma ginshiƙinta shi ne kada ka ja, domin in ka ja shi ma zai ja. Ka gargaɗi iyali cewa tiramadol mai yawa yana kawo jijjiga, kuma wanda ya daɗe yana sha zai yi ciwon jiki, zawo da rashin barci in ya tsaya, don haka ya fi kyau a yi a ƙarƙashin kulawa. Komawa bayan an daina yana faruwa, a ci gaba daga inda aka tsaya.

Miji ya biyo ni yana son jin abin da matarsa ta faɗa.

Amana ce. Ka yi masa bayanin ciwon da yadda zai taimaka, bayan ka nemi izininta kan abin da za a faɗa. Sirri ana buɗe shi ne kawai in rai na cikin haɗari. A ƙauye, magana ɗaya in ta fita daga asibiti, mata goma za su daina zuwa.

Wa zan tura gaba, kuma ina?

Mai shirin kashe kansa, mai jin muryoyi ko zargin ana bin sa, mai tashin hankalin da ba ya barci, da wanda ya yi wata biyu a hannunka ba canji. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Maiduguri, Kware ta Sakkwato da Dawanau ta Kano, ga kuma sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na Aminu Kano da na Shika. Wanda ya ruɗe farat ɗaya tare da zazzaɓi ko sanƙarewar wuya kuwa, ka fara tunanin maleriyar ƙwaƙwalwa ko sanƙarau, a kai shi sashen gaggawa. Ka rubuta takarda mai bayani, ka ce su dawo maka da amsa, domin bibiyar a hannunka za ta dawo.

Ni kaina labaran nan suna bina gida. Ya zan yi?

Na san wannan. Akwai lokacin da na yi makonni ina farkawa cikin dare da labarin wata yarinya da aka kawo mana daga wani ƙauye da aka ƙona, har na fara jin haushin marasa lafiyar da ba su yi mini komai ba. Wannan haushin, da ɗokin a tashi aiki, da jin zuciya ta bushe, su ne alamun. Abin da ya taimake ni shi ne zama da abokan aiki biyu duk ranar Alhamis bayan an rufe katin ƙarshe, minti talatin, kowa ya kawo mara lafiya ɗaya da ya tsaya masa a rai, ba a ambatar suna. Ku nemi ma'aikacin ƙwaƙwalwa ɗaya a babban asibitin da ya fi kusa wanda zai yarda ku kira shi in kun rasa yadda za ku yi. In kuma rashin barcin naka ya kai mako biyu, ka je wani ya yi maka tambayoyi biyun nan da kake yi wa wasu.